Kifin da Ya Fito Daga Duron Kakata

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu abokan aikina sai na yi ta lalube kafin in cafko su. Amma ranar da kifi ya fito daga duron man gas a tsakar gidanmu na Gwandu, wannan kam ina jin da ita za a kai ni kushewa.

A shekarun saba'in ne, ina saurayi, kaina na hayaƙi. Na dawo daga kwas a Kaduna, aka ajiye ni a Sakkwato a sashen tsara aiki. Aikinmu shi ne mu shiga ofis ko masana'anta mu zauna mu zuba ido, mu ga ta inda aiki yake shigowa, hannun wa yake bi, a ina yake tsayawa yana hamma, sannan mu faɗi abin da za a cire da abin da za a gyara. Ma'aikata ba su ƙaunarmu ko kaɗan, da sun hango mu sai kowa ya hau kakkaɓe tebur. Ni kuwa abin daɗi yake mini, domin tun ina ƙarami Allah ya yi ni da shiga sharo ba shanu.

Ina hutu sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya aiko in same shi a Kalgo. Yana da injin casar shinkafa a can, kuma injin ya zame masa ciwon kai. Yau ya yi aiki, gobe ya yi shiru, mata masu turara shinkafa su yini zaune a kan buhunansu, in sun gaji su ɗauka su kai wani wuri. Kawu ya ɗora laifin duka a kan mai kula da injin, wani dattijo mai sanyin hali da kowa yake kira Injiniya, mai iyali cike da gida. Ya ce mini, “Kai da anka kai makaranta, diba muna. In ya tabbata sakacin mutumen ga na, kahin kaka ta kama sosai in sallame shi.”

Na zauna a gindin injin nan har ƙaiƙayi ya shiga mini ko'ina. Injiniya ba shi da laifi ko na sisin kwabo, mutum ne da yake shafa inji kamar mai shafa doki. Mai ne yake yankewa. Da na bi sawun man kuwa, sai da na zauna a ƙasa don dariya. A Birnin Kebbi ake sayensa, nan kusa da Kalgo. Maimakon a sauke shi a bakin inji, sai a-kori-kura ta kwashi durorin ta nausa da su Gwandu, a kulle su a wani ɗaki a gidan kakata. Ita take riƙe da makullin, ɗaure a haɓar zanenta. Ba ta kuma ba da duro sai ɗaya, shi ma sai an kawo mata wanda ya ƙare ta ƙwanƙwasa da zobenta ta ji ya yi ƙara. Direba in ya je ba ya juyowa a ranar, sai ya ci tuwo, ya sha fura, ta tsare shi da hira har rana ta yi sanyi, ya kwana. Duk wannan lokacin inji yana Kalgo yana barci.

Asalin abin, a ƙofar gidan Gwandu injin ya fara zama tun kakanmu yana da rai. Da aka mayar da shi Kalgo kusa da fadama, sai aka ɗauki inji aka bar makulli.

Na je wa Kawu da ƙwarin gwiwata, har da zanen da na yi na hanyar da mai yake bi, kibiya ta tafi ta dawo. Na ce a bar mai a Kalgo, magana ta ƙare. Ya kalli zanen, ya kalle ni, ya ce, “Wa za shi amso makullin? Kai ko ni?” Na ce ai shi ne mai inji. Fuskarsa ta canza. “Kak ka ƙara yi man wagga magana. Injiniya shi koyi tattali.”

A nan ne na tuna abin da karatun Kaduna ya so ya mantar da ni. Kawu ɗan fari ne. Kakata ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya shigo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon bango. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan na Kalgo”. Shi ma da ya buɗe baki ya nemi abin da yake hannunta, gara masa ya rufe injin. To ga kunya ta tsaya a tsakaninsu, kuma bawan Allah Injiniya ne zai biya da abincin 'ya'yansa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ni kuwa jika ne. Abin da ɗa ba ya iya yi, jika yana yinsa har a ba shi tukuici. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma ina ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa ta bar mini gado. Na hau mota na tafi Gwandu, na yi mata daɗin baki, na ce amarya ta ba ango makullin ɗaki mana. Ta ce, “Miji da ba ya cefane? Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema.” Na ce warin gas ya sa na daina kwana a ɗakinta. Ta ce dama minsharina ya ishe ta. Na dawo hannu rabbana.

Amma ban dawo a banza ba, domin na zauna na ji hirar da take tsare direba da ita. Ba ta tambayar mai, ba ta tambayar shinkafa. Sai dai, “Mutanen wurinku suna cin abinci kuwa? Na ji an ce akwai mai tari cikinku, ya bari? Har yanzu ana hita cikin raɓa ba hula?” Mutum ɗaya ne a Kalgo mai tari, kuma shi ne mai fita ba hula. Da za a tafi ta ba da ƙullin dambun nama da yajin da ta daka da hannunta, ta ce a kai wa ma'aikata. Direba ya san ma'aikacin da ake nufi.

A hanya na ƙulla abin da na ƙulla. Na ce wa direba, tunda tsohuwa duro take so ta gani, duro za ta gani. Ya yi salati, ya ce ba ruwansa, daga baya dariya ta ci ƙarfinsa ya yarda. Muka ɓoye durorin mai na gaskiya a Kalgo bayan buhunan dusa. Muka ɗauki waɗanda suka ƙare muka cika su da ruwan gulbi, muka ɗaure bakinsu tam, muka shafe su da baƙin mai don wari. Su aka kai Gwandu, ta ƙwanƙwasa ta ji dim, ta kulle abinta. Injiniya bai san hawa ba bai san sauka ba, shi dai ya ga mai ya daina yankewa. Mota tana zuwa Gwandu kamar kullum, ta kai fanko ta ɗauko ruwa, mu zubar a bayan inji. Inji ya kama aiki ba tsayawa, mata suka dawo da buhunansu, Kawu har ya fara yi wa Injiniya murmushi. Ni kuwa ina yawo ina hura hanci, ina jin duk ƙasar Gwandu babu mai kaina.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kyautar kakata. Washegarin wata rana da muka kai sababbin durori, tantan ɗin da take yi wa maƙwabta huɗa ta tsaya a bayan gari, mai ya ƙare. Maigidan maƙwabta ya aiko a taimaka masa. Tsohuwa ta buɗe ɗakin da alfahari, ta sa aka mirgino duro tsakar gida, mata da yara sun kewaye. Allah ya rufa asiri a bokiti aka fara tsiyayawa. Ruwa ya zubo ja-ja-ja, sai ga wani ɗan kifi kamar ɗan yatsa ya faɗo yana wutsil-wutsil. Wadda ta ba ni labari ta ce kowa ya leƙa bokitin, can wata tsohuwa ta ce, “Ikon Allah, yanzu gas har kihi shika yi?”

Kakata ba ta yi dariya ba. Ta aika Kalgo a gaya wa wancan cewa ana sace masa mai ana zuba ruwa. Kafin la'asar Kawu ya kira Injiniya gaban mutane ya ce ya ajiye spana ya tafi. Ina tsaye na ga dattijon nan ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Wasan ya fita daga raina nan take. Na ce wa Kawu ya dakata mini zuwa gobe, ɓarawon yana hannuna. Na janye buhunan dusa na nuna masa mansa cif, ko ɗigo bai yi ciwon kai ba. Ya dube ni ya ce, “Kai da ita. In ba ta huce ba, wani sai ya bar wurin ga, kuma ba ni na ba.”

Na iske ta zaune a kan tabarma, ga bokitin a gefe, kifin yana ciki, ta hana a zubar. Na durƙusa na ce, “Amarya, kin ce ba ni cefane. Ga kihi na aiko, an ce kin yi hushi.”

Ta ɗauki muciya. Na ja da baya daidai inda ba za ta kai ba.

“Kai na? Ni 'yasu! Ni za ka mayar mai gadin ruwa? Wata nawa ina kulle gulbi cikin ɗaki?”

Na ce ai ta iya gadi, ko cokali ɗaya bai ɓata ba. Ta jefo muciyar ta same ni a gwiwa, sannan dariya ta kufce mata, ta yi ta yi har da hawaye tana zagina da iyayen iyayena, waɗanda ita ce ɗaya daga cikinsu.

Da ta lafa na matso kusa na rage murya. Na gaya mata akwai mai 'ya'ya da zai rasa aikinsa a kan makullin nan. Na ce mota ba za ta daina zuwa ba, na riga na tsara, duk Juma'a za ta kawo gyararriyar shinkafa Gwandu, ta bi ta Malisa da Dalijan ta kwaso ta manoma, kuma dole ta tsaya a ƙofar gidan nan direba ya ci tuwo. Sai na ƙara da cewa, “Tarin ya yi sauƙi. Kuma na saya mai hula.”

Ta kau da kai ta kalli bango. Can ta ce, “Wa yat tambaye ka?” Hannunta kuwa yana kan haɓar zane yana kwance ƙulli. Ƙullin ya yi shekara da shekaru, ya ƙi kwantuwa, sai ta sa haƙori ta yage ƙyallen gaba ɗaya ta jefo mini. “Ungo. Na sake ka, saki uku. Ka kai ma mai shi.”

Da na miƙa wa Kawu makullin, bai dubi ƙarfen ba, ƙyallen zanen ya tsaya kallo. Ya sa a aljihun gaba, ya ce wa Injiniya ya tada inji, har da “yi haƙuri, malam”, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ranar Juma'a muka ga ya shige gaban mota, wai zai duba lafiyar hanya. A Gwandu ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, ita tana ciki tana kallon bango, ni ina tsakiya kamar tafinta a kotu. Ta ce mini, “Tambayi baƙon ga in ya ci abinci.” Na juya na tambaye shi. Ya ce in gaya mata bai ci ba. Tun kafin ya rufe baki aka fito da akushi, ashe tun safe yake rufe yana jira.

Na yi shekaru masu yawa ina wannan aiki bayan nan, na soke matakai a ofisoshi ba adadi, kuma ban yi nadamar yawancinsu ba. Amma daga ranar, duk inda na ga aiki yana bin doguwar hanya ba dalili, ba na saurin jan layi a kai. Nakan zauna tukuna in ji me ake aikawa ta hanyar ban da kayan da aka rubuta, domin a gidanmu na ga uwa tana aika wa ɗanta gaisuwa a cikin duron man gas.