Warin albasar Yaya Bello a kibod

Jiya Inna ta buɗe laftof ɗin marigayi Yaya Bello, ta kai hanci kusa da kibod, sai ta ɗago ta dube ni.

"Mi kay yi mata?"

Na ce, "Gogewa na yi da auduga da sifirit, Inna. Duk ɓawon albasa ne tsakanin maɓallan."

Yaya daga gonar albasarsa ta Aliero yakan dawo ya hau dannawa, ko hannu bai wanke ba. Kullum sai mun yi faɗa.

Inna ta rufe a hankali. "Ni ban iya karatu ba, ɗana. Warin nan nika zuwa in shaƙa."

Wallahi da na sani.

Ku da kuka rasa naku, me kuka bari ba ku goge ba?