Masu Gadi Biyu a Ƙofa Ɗaya

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina masinja a wani ofis a Samaru. A ba ni takarda, in hau keke in kai ta, aikin ke nan. A aji uku na tsaya da firamare, kuma malamin ne ya fara gajiya, ba ni ba.

Ina da aboki, mutumin kudu, Kirista, mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Tun muna samari muke tsokanar juna. Yana kirana Oga Masinja, ni kuma ina kiransa Injiniyan Bola saboda tulin matattun rediyoyin da ke shagonsa. Da girma ya kama shi sai kunnuwansa suka mutu. 'Yarsa mai aikin jinya a ƙasar waje ta ce ya koma wurinta.

Ranar tafiya muka raka shi tasha, shaiɗan ya hau kaina. Na tsaya gabansa na ɗaga hannu ina motsa baki kamar ina masa doguwar addu'a, alhali ba abin da ke fita. Ya karkato kai yana cewa, "Amin, amin." Jama'a suka bushe da dariya. Ya dube su, ya dube ni, ya gane. Ya shige mota bai ba ni hannu ba.

Kurma ba ya amsa waya, don haka 'yar ta buɗe masa imel, ta bar mini adireshin. Ina da tsohuwar kwamfuta da aka sallame ni da ita daga ofis, wani akawunmu ya koya mini inda ake dannawa. Kwamfutar ta zo da abin da suke kira antibairos, wato maigadin da ke hana ɓarayi da cuta shiga. Ni kuwa kullum ina jin labarin ɓarayin intanet, sai na kai ta wani shago a Samaru na ce a ƙara mini wani.

"Baba, ɗaya ya isa," in ji mai shagon.

"Malam, a ofishinmu masu gadi biyu ne a ƙofa, kuma ko biro ba a taɓa sacewa ba sai wanda ni na ɗauka. Sa mini."

Ya girgiza kai ya sa.

Bayan sati uku saƙon abokina ya shigo. "Oga Masinja, na sauka lafiya. Sanyi zai kashe ni. Yaya Sabon Gari?" Kwana uku na yi ina haɗa amsa da yatsa ɗaya. Na ce masa abin da na yi a tasha rashin hankali ne, ya yafe mini. A rayuwata ban taɓa ba shi haƙuri ba sai a wannan takarda. Na danna aikawa. Wani ɗan jan rubutu na Turanci ya fito a gefe, na ɗauka talla ce, na rufe shi.

Saƙonsa na biyu ya ce, "Ka yi shiru. Ko kekenka ya yi faci?"

Na yi dariya har da tari. Na ce wa uwargida, "Kin gani? Ramuwa yake yi. Na yi masa magana ba sauti, shi kuma yana nuna bai ji ni ba. Wallahi Injiniya ya iya mugunta!"

Ta ce, "Malam, ka dai kira 'yar ka tambaya."

Lambar wayarta tana aljihuna. Amma a wasanmu, wanda ya fara tambaya shi aka ci. Na ci gaba da rubutu. Ina ba shi labarin wanda ya karɓi shagonsa, da mai tsiren unguwar Dogarawa da ya ƙara aure, ina haɗawa da zagi: kurman banza, yanzu kuma makanta ta kama ka? Shi kuma nasa saƙonnin suna ta gajarcewa. "Ina asibiti, amma da sauƙi." Na amsa da addu'a, ta gaske wannan karon. Na ƙarshe da ya aiko, rabi da Turancinsu na kasuwa: "Wetin I do you? Me na yi maka? In don ban ba ka hannu ba ne a tasha, ka yafe ni."

Na karanta, na ce lallai wannan mutum ya kai wasan nesa. Na rubuta masa cewa ya ci, na sallama.

Bayan kwana goma 'yar ta rubuto cewa ya rasu. Na aika ta'aziyya. Sati ya zagayo sai ga wayarta.

"Baba, ko gaisuwa ba za ka yi mana ba?"

"'Yata, ai na rubuto tun ranar."

"Baba, tun da ya zo ƙasar nan ko harafi ɗaya bai taɓa shigowa daga wurinka ba."

Washegari da safe na rungumi kwamfutar zuwa unguwar PZ, shagon wata mata mai gyara, dattijuwa mai tabarau. Ta duba intanet, lafiya. Ta sa na sake buga kalmar sirri, daidai. Sannan ta buɗe wani wuri da ban taɓa sanin da shi ba, ta ce nan saƙo yake jira kafin ya fita. Ga su nan a jere, ashirin da shida, na ban-haƙurin a can ƙasa.

"Baba, wa ya sa maka antibairos biyu?"

"Wani jaki," na ce. "Yana gabanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce duk saƙon da zai fita, wannan maigadin sai ya riƙe shi ya ce zai caje, wancan ma ya riƙe, kowanne yana ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo, har lokaci ya ƙure ƙofa ta rufe. Mai shigowa suna ƙyale shi. Jan rubutun da nake rufewa, abin da yake ta gaya mini ke nan. Ta tsayar da jerin, ta kashe maigadi ɗaya, ta aika wa kanta gwaji. Wayarta ta yi ƙara nan take.

"In na saki, duka za su tafi. In goge su?"

Na tuna zagin da ke ciki, na tuna cewa 'yarsa ce za ta karanta. Na ce, "Sake su."

Suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ko minti biyu ba a yi ba. Matar ta turo mini kujera, don ashe a tsaye nake.

Da la'asar 'yar ta amsa. Ta ce ta karanta duka, har ta yi dariya a wasu wurare. Ta ce kowace safiya sai mahaifinta ya sa ta duba akwatin imel ɗinsa kafin ya karya, ko a asibiti, kuma ya tafi yana zaton ni ne ke fushi.

Na buɗe wurin amsa na rubuta "'Yata," na tsaya. Uwargida ta kira ni cin tuwo sau biyu. Wata huɗu ke nan, ban ƙara komai a kai ba.