Da Aka Ce Za a Tsinka Jinin Umma

Wata ranar Asabar ce da hantsi, a daminar da nake aji biyar na firamare, shekarar da wayar salula ta fara shigowa Kwandiko har mutane ke hawa tudu neman sabis. Na dawo daga rijiya da tulu a ka, na tarar da Umma zaune a kan kifaffen turmi a bayan ɗaki, inda ake yi mata wankan jego, ta miƙe ƙafarta ta hagu tana kallonta kamar ba tata ba. Daga ƙwauri har cinya ƙafar ta kumbura suntum, fatar tana sheƙi, in an taɓa zafi rau. Ruwan wanka na ta tururi a garwa, ganyen darbejiya na yawo a kai, amma ba wanda ke ta tasa. Kakata ta wajen uwa, Inna Delu, na tsugune tana danna ƙafar da ɗan yatsa, Umma na cije leɓe. Ban taɓa ganin bakin Inna Delu a rufe tsawon lokaci haka ba, shi ya sa na tsorata.

Ba a daɗe da yin sunan ƙanena Sani ba. Inna Delu ta zo daga Fagam tun ranar haihuwa da ƙullin kanwarta da tsintsiyar ganyenta, ta karɓe mulkin gidan ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Doguwar tsohuwa ce siririya, mai faɗa kamar ta ari baki, kuma a wajenta maijego ba ta da aiki sai wanka da ruwan zafi, shan kunun kanwa, da kwanciya. In Umma ta yunƙura za ta ɗauki ko da ludayi ne, sai ta daka mata tsawa ta koma gado. Ni ce babba, don haka itacen dafa ruwa, da cika randa, da wankin tsummokaran jariri duk suka dawo kaina. Kullum a makare nake zuwa makaranta, in tarar an gama shara an shiga aji, in sha bulalata in zauna. Lokacin hutun tara-da-rabi ƙawayena na 'yar gala-gala da carafke a gindin darbejiyar ofis, ni kuwa ina jingine da bango ina gyangyaɗi. Na ji haushin tsohuwar nan ƙwarai a kwanakin, ba zan ɓoye ba.

Da ƙafar ta kumbura, abin da kowa ya sani aka fara yi. Inna Delu ta narka man kaɗanya tana yi mata tausa safe da yamma da iya ƙarfinta. Da bai yi ba, aka kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙwauri, ya zuƙo baƙin jini ya nuna mana a ɓawon ƙwarya ya ce ga mataccen jinin nan ya fito. Muka yi murna, amma gari na wayewa ƙafar ta ƙara kumbura. Sai kuma Umma ta fara haki daga ɗaki zuwa banɗaki kawai. Ranar da Inna Delu ta ga haka, ba ta aiki kowa ba, ta yafa mayafi ta bi ni a baya har gonar geronmu inda Baba yake maimain noma. A garinmu suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta, ko gaisuwa daga bayan zana ake yi. Ran nan kuwa ta ratsa kunyoyin gero ta tsaya a gabansa ta ce, "Malam, ajiye fartanyar nan. Ciyawa za ta jira ka, yarinyar nan ba za ta jira ba." Baba ya saɓa fartanya muka juyo gida.

Da ni aka tafi, saboda goyon Sani. A asibitin Gwaram aka duba aka ce abin ya fi ƙarfinsu, mu wuce Birnin Kudu. A can wani likita ya auna ƙafafun biyu da tef irin na tela, ya tambayi abin da aka yi mata. Da ya ji batun tausa sai fuskarsa ta canza. Ya ce yana zargin jini ne ya daskare ya yi guda a cikin babbar jijiya, kuma matsa wurin na iya ɓalle gudan ya bi jini ya tafi huhu, in ya toshe can kuwa sai dai wani ikon Allah. Ya ce kada hannun kowa ya sake taɓa ƙafar, mu tafi Kano a ranar, a nemi likitan da ya ƙware a kan jini. Na ga Inna Delu ta kalli tafukan hannunta, sannan ta cusa su cikin mayafi. A Kano muka sha yawo a cikin asibitin da ya fi ƙauyenmu girma. Muna cewa likitan jini muke nema, wani ya nuna mana inda ake ba da gudummawar jini, wani ya kai mu layin masu sikila. Baba mutum ne mai kawaici, in an ce ba nan ba ne sai ya yi godiya ya ja baya. Inna Delu kuwa duk mai farar riga da ya gifta sai ta riƙe shi. "Matambayi ba ya ɓata," in ji ta, kuma haka ta yi ta yi har wata ma'aikaciyar jinya ta gaji da ita ta tura Umma a keken marasa lafiya da kanta zuwa ƙofar da ta dace.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Umma ba. Aka ɗauki hoton jijiyar, ta tabbatar gudan jini ne. Ta ce haihuwa da doguwar kwanciya kan jawo shi, wasu kuma a jininsu abin yake. Sannan ta ce, "Yanzu za mu fara yi mata allurar tsinka jini, daga baya ta koma shan ƙwaya." Kafin ta rufe baki Inna Delu ta miƙe tsaye. Ta kwance Sani daga bayana ta goya shi da kanta, ta ce wa Baba ya turo keken mu tafi gida. Sai a ranar na san dalili. Umma tana da yaya mai suna Hajara, wadda ta rasu wajen haihuwar fari tun kafin a haife ni, kuma abin da aka faɗa wa Inna Delu a bakin ƙofar ɗakin shi ne, "jini ya tsinke mata." A kunnen duk macen karkararmu, jini da tsinkewa in suka haɗu a kan maijego, likkafani ake nema. Ga shi ta ratso garuruwa uku da 'yar da ta rage mata, an ce da allura ma za a tsinka shi. Likitar ta yi bayani, Baba ya ba da haƙuri, amma tsohuwa ta kafe, hawaye na bin fuskarta tana cewa gara Umma ta mutu a ɗakinta da a zubar mata da jini tana kallo.

Umma ce ta raba gardamar, ita da tun Kwandiko ba ta ce komai ba sai nishi. Ta kamo gefen zanin uwarta ta ce a hankali, "Inna, in kunu ya yi kauri ya fara gudaji, zubar da shi kike yi?" Umma ta ci gaba da cewa, "Tsinka shi kike yi ya shawu. Irin wannan tsinkawar take nufi, ba irin ta Yaya ba. Ni dai zan karɓa, amma ina so a yi kina riƙe da ni." Tsohuwa ta daɗe a tsaye. Can ta juya ga likitar ta ce, "To, 'yar nan, in hannunki ya zarce fa? Kunu ma in ruwa ya yi yawa lalacewa yake." Likitar ta ce gaskiya ne, yana iya zarcewa, shi ya sa za a riƙa auna jinin a kai a kai, kuma ba ƙaho, ba tsaga, ba tausa, in an ga jini a dasashi ko fitsari a garzayo. Ba ta yi mata alkawarin komai ba, kuma ina jin hakan ne ya sa ta yarda. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun Umma, ta kau da kai aka yi allurar.

Watanni Umma ta yi tana shan ƙwayar bayan an sallame mu. Gero ya sha ciyawa a shekarar, matan unguwa suka yi ta tsegumin maijegon da aka hana kwanciya aka ce ta riƙa zagaya tsakar gida. Inna Delu ba ta koma Fagam ba. Kowace safiya sai ta sa Umma ta buɗe baki ta duba dasashinta, ta duba shimfiɗa, sannan ta ɓallo ƙwayar da hannunta, ta yi bisimilla ta miƙa mata. Ranar awon jini ita ce ke fara zama a bakin titi jiran motar Birnin Kudu.

Yau a Birnin Kudu nake aure. Da na samu cikin fari na ba da labarin Umma a wajen awo, nan take aka haɗa ni da likitan jini ta waya, aka sa mini ido har na sauka lafiya, ban yi yawon neman ƙofa ba. Umma na nan da ranta, tana zuwa gona, ƙafar hagun ta ɗan fi ta dama kauri. Inna Delu kuwa ba ta ga 'ya'yana ba, kuma ina kewar faɗanta fiye da yadda na zata. Sai da na riƙe tawa 'yar a hannu na gane abin da take yi kowace safiya. Tsoron bai taɓa barinta ba, ita ce dai ta ƙi bar masa 'yarta.