Budurcin Jajja Perepetuwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na gefen Masaka ya san Perepetuwa Nakafeero, kakarmu da muke kira Jajja. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin dariya. Ita ke wanke mayafin bagade ta goge shi da dutsen guga na gawayi, ita ke ɗaga waƙa idan mawaƙan coci sun yi sanyi. Amma da zarar an tashi layin karɓar Jibin Ubangiji, sai ta janye ƙafafunta mutane su wuce, ta sunkuyar da kai. Rabonta da shi tun tana 'yan mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kakanmu Yowakimu Lubowa ya aure ta ne a gargajiyance: ya kai wa mahaifinta goran giyar ayaba da mayafan ɓawon itace, aka ba shi ita. Ba su je gaban bagade ba, coci kuwa ba ta ba da Jibi ga masu irin wannan zama. Duk Fada, wato limamin coci, da aka kawo sai ya taka har gida ya yi magana, amsar tsohon ɗaya ce.

"Na aure ta a gaban ubanta da rana tsaka. In na sake, na ce marigayi wasan yara ya yi ke nan."

Haka suka haifi 'ya'ya, suka ga jikoki, gashi ya yi fari fat. Sai aminiyarta Bulandina ta kwanta ciwon ajali. Jajja na zaune a gefen gado Fada ya zo ya sa wa mai jinya Jibi a baki. Ta dawo gida shiru, abin da ba halinta ba.

Bayan an share makoki, wata safiya ta fito cikin gomesinta ruwan ƙwai, rigar nan mai tsinin kafaɗu da ba ta sawa sai biki, da ƙunshin kaya a ka.

"Ke kuma ina zuwa?" in ji Yowakimu daga gindin bishiyar kofi.

"Gidan yayana. Ba kyau budurwa ta riƙa kwana gidan saurayi."

"Budurwa? Da jikoki cike da tsakar gida?"

"Coci ta ce ba ni da aure, kai kuma ka ƙi gyarawa. To ni 'yar gidan mutunci ce, bawan Allah. Sai wata rana!"

Kafin azahar labari ya gama gari. Mata suka riƙa tururuwar gaishe da budurwa, ana tafawa har da riƙe ciki. Mikayiri mai kaɗa ƙararrawar coci, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, ya wanke kekensa ya kawo mata abarba da rake. Ta karɓa tana rufe fuska da gefen mayafi. Ita kanta ta yi mamakin yadda abin ya yi mata daɗi.

Yowakimu kuwa ya ce zai dafa ayabarsa da kansa. Ya naɗe ta a ganye ya ɗora, ya manta da zuba ruwa a tukunya. Ƙauri har gidan maƙwabta. Ya jure na ɗan lokaci, amma ranar da ya ga keken Mikayiri ya sake wucewa da sabuwar abarba, sai ya zura farar doguwar rigarsa ta kanzu, ya cafke zakara, ya nufi gidan surukinsa, yayan Jajja.

"Wa ake nema?" Jajja ta tambaya daga bayan ƙofa.

"Tsohuwar nan marar haƙoran gaba."

"Babu ita. Akwai dai yarinya, manemanta kuma da yawa. Bi layi."

"Wannan mai ƙafafu kamar sandar rake ne layin?"

Ta fashe da dariya ta fito. Da suka zauna su biyu, dariyar ta ɗauke.

"Baban Agata, ban raina auren da babana ya ɗaura mana ba. Yunwa nake ji. Kullum ina goge mayafin teburin, ban ci a kansa ba. Kada in tafi haka."

Ya daɗe yana shafa bayan zakaran. Can ya ce, "To a gaya wa Fada. Amma a rubuta cewa ƙari ne, ba gyara ba."

Ana gobe biki ta je furta zunubanta. Masu jira a waje sun rantse sun ji Fada yana tari irin na mai danne dariya. Ta gaya mana daga baya cewa tambayarsa ta yi ko wayon da ta yi ya ɓata cancantarta. Ya ce zobe kaɗai ba ya wanke kowa, ta je ta nemi gafarar duk wanda ta wahalar. Ta roƙi Mikayiri, ya ce shi ya daɗe bai ji daɗin duniya haka ba. Ta roƙi angon, ya ce zai yi shawara.

Ran Lahadi aka ɗaura. Guɗa ta hana a ji amsar Yowakimu, sai da ya maimaita da ƙarfi. Da lokacin Jibi ya yi, kowa na miƙa hannu a tsaye, amma Jajja ta zube a gwiwa yadda ta koya tana ƙarama, ta rufe ido ta buɗe baki. Fada ya sunkuya ya ba ta. Ta daɗe a haka, hawaye na bin kumatunta.

Sai ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ango ya kama hannu ɗaya, babbar 'yarsu Agata ta kama ɗayan, suka ɗago ta kafaɗunta na rawa, ta toshe baki da tafi biyu don kada dariya ta kuɓuce mata alhali Ubangijinta na kan harshenta.