Fuskar da Kawu Ya Kankare

Ɗaliban da ke sayen zanena a bakin titin Gidan Kwano, kafin motarsu ta cika, tambayoyinsu ba sa canzawa. Me ya sa zanen ƙanana ne, ba su wuce tafin hannu ba? Kuma me ya sa matar da ke ciki ba ta taɓa juyowa? Ta farko ba wuya: guntayen falankin da kafintan layinmu ke zubarwa nake tsinta, iyakar girmansu ke nan. Ta biyu kuwa nakan ce musu kunya take ji, su yi dariya su hau mota. Ƙarya nake yi. Matar nan ba ta san irin wannan kunya ba. Ka latsa mata doya ba ka saya ba, sai ta wanke ka tas a gaban jama'a.

Inna ce, mahaifiyata. Doya take soyawa a ƙofar gidanmu a Ketaren Gwari, tun ina goye har na gama sakandare. Duk abin da nake zanawa nata ne: bayanta a sunkuye kan kasko, hannunta riƙe da cokalin tsame doya, diddigenta mai faso, tsinken da take sokawa a hujin kunne don kada ya toshe. Na zana ƙeyarta har na daina lissafi. Fuskar ce kawai ba ni da ita, kuma ba ɓata ta yi ba, ƙwace mini aka yi.

Babana ya rasu ina ƙarama, sai Kawu ya zama namijin gidan. Ƙanen Inna ne, ciki ɗaya, ita ta goya shi bayan uwarsu ta mutu. Tela ne, kekensa a zauren gidan da kakanmu ya gina lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Hannunsa da kyau, wannan ba zan ci masa ba. Wata shekara ya dawo daga wani karatu da ya je da ƙiyayyar hoto a ransa, fiye da duk malaman da na sani. Ya bi ɗaki ɗaki ya tattaro hotunan gidan, har da na auren Inna, ya zuba su a murhunta, doya na soyuwa a kai. Inna ta gyara itace ta ce, "Ƙyale shi, zafin kai ne, zai huce." A wurinta har gobe yaron da ta goya ne.

Ni kuma Allah ya jarabce ni da zane. Kawu ba ya yaga mini takarda, yana da tasa hanyar. Jan biro yake ɗauka ya ja layi a wuyan duk mai ran da na zana, akuya ce, kaza ce, mutum ne. "Na yanka," in ji shi, "yanzu ba rai, ba wanda zai tambaye ki." Wani lokaci yakan kira ni yana murmushi, ya ce, "Zo ki riƙe mini ƙafafun, kada ta yi shure-shure." Masu jiran ɗinki su fashe da dariya, ni kuwa in danne takardar da yatsu ina kallo. Daɗi yake ji, kuma ya san na san yana ji.

Mafakata ita ce maƙwabciyarmu, wata Kirista daga kudancin Kaduna da ke aiki a asibiti. Ita ta fara saya mini fenti da buroshi. "Kai yarinya, zo ka zauna nan ka yi abinka," takan ce da Hausarta mai mayar da kowa namiji. "Kawunka ba zai shiga ɗakina ba, sai dai ya tsaya waje ya yi tari."

Da ciwo ya kama Inna, a fuska na fara ganin sa. Kumatu suka zube, ido ya faɗa. Na duba gidan kaf, ba hotonta ko ɗaya, sai na katin zaɓe, shi kuma baƙi ne ƙirin, ko mace ce ko namiji ba ka ganewa. Tsoro ya kama ni. Na roƙe ta ta zauna mini a ɗakin maƙwabciya da hantsi, in Kawu ya tafi kasuwa sayen zare. Ta zauna tana mita, wai na mayar da ita gunki. "To in dai za ki yi, ki cire mini ramar nan. Ki mayar mini da kumatuna." Na mayar mata. Na sa wushiryarta, na sa tabon man da ya fallatsar mata a gefen gira, na sa wannan kallon nata na wadda ta riga ta san ƙaryar da za ka yi. Ranar da na gama ta riƙe falankin nesa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe haka nake? Shi ya sa ubanki ya ƙi barin ƙofar gidanmu." Maƙwabciya ta tafa hannu ta ce, "Kai! Shi ne sak, kamar zai buɗe baki ya zage mu!"

Ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba, kafinsa ko bayansa.

Inna ta rasu da farkon damina. Ana cikin zaman makoki wata daga cikin mata ta ji labarin zanen, ta ce a nuna musu. Na fito da shi. Ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, kowa ta karɓa sai kuka. Wata tsohuwa har magana ta yi masa, ta ce, "Ashe da gaske kin tafi kin bar mu." Kukan ne ya kai zaure. Sai ga Kawu ya yi sallama ya shigo tsakar gida, mata na jan mayafi, ya miƙa hannu. Aka ba shi.

Ni da kaina na shiga ɗaki da gudu na ɗauko jan biro. Na durƙusa na ce, "Kawu, ga shi, ka yanka wuyan kawai. Don Allah wuyan kawai."

Bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallon yayarsa, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa, da idona na gani. Sannan ya ce, "Wannan ya yi kama da yawa. Layi ba zai isa ba." Ya zauna kan turmin Inna, ya zaro rezar da yake farke ɗinki da ita daga aljihu, ya ɗora falankin a cinya. Daga idanu ya fara. A hankali yake kankarewa, cikin natsuwa, in ɓawon fenti ya taru ya hure, ya ci gaba. Maƙwabciya ta rungume ni ta baya. Ya bar ɗankwalin, ya bar kunnuwa da wuya da riga, tsakiyar kuma farin katako. Ya miƙo mini ya ce, "Na sauke miki nauyi. Wata rana za ki gode mini." Ya karkaɗe cinyarsa ya koma wurin masu gaisuwa. Da yamma aka share tsakar gida, aka haɗa ɓawon fentin da na gyaɗa aka zubar.

Na ɗauka zan sake. Ai hannuna ne ya yi na farko. Na san wushiryar, na san tabon, na san girar, amma duk sanda na haɗa su sai wata baƙuwa ta fito tana kallona. Kowane gwaji kuma sai ya ƙara goge wadda ke kaina, har ya zamana in na rufe ido farin katakon nan nake gani sanye da ɗankwali. Sai na daina, na koma zana abin da ya rage mini. Na tsani Kawu, kuma ban taɓa yi wa kaina ƙarya a kan haka ba. Da Sallah nakan je in durƙusa in gaishe shi, amma iyakarta baki.

Shekaru suka ja. Kawu ya tsufa, ya ajiye keke, ya koma Wushishi wurin babban ɗansa. Falon gidan cike yake da hotunan jikoki, har da nasa cikin farar riga a filin jirgi, ba layi a wuyan kowa. Bara ɗan ya kira ni a waya ya ce ciwon suga ya kwantar da Baba, mantuwa kuma ta yi masa yawa, amma kullum ni yake ambata. Ya faɗa mini abin da yake so. Na ce ina zuwa. Na naɗe falankin cikin wani tsohon ɗankwalin Inna na sa a jaka.

Ranar kasuwa na je, motar cike da buhunan shinkafa. Na same shi kwance kan tabarma a baranda, ya ƙanjame, ƙafa a kumbure. Ya kori jikokin, ya jawo ni kusa.

"'Yata, har yanzu kina zanen nan?"

"Ina yi, Kawu."

"Yaya nake nema, uwarki. Kullum ina mafarkinta, tana goye da ni, ƙeyarta kawai nake gani. In kira ta, ba ta juyowa." Ya fara kuka irin na tsofaffi, ba sauti. "Na manta fuskarta. Ki zana mini ita ko ƙarama ce. Ba wanda zan nuna wa."

Ban faɗa masa ni ma ƙeyar kawai nake da ita ba. Wannan baƙin cikin nawa ne, ba zan raba da shi ba. Na ce, "Ai akwai, Kawu. Na zo da ita."

Ya yunƙura ya zauna. Ya goge hannuwansa a riga, ya laluba tabarau ya sa, yana rawar jiki kamar yaron da za a ba tsaraba. Na kwance ɗankwalin na ɗora masa falankin a cinya.

Ya gane ɗaurin kan, ya gane kunnen, har ya yi murmushi. Sai ya kai babban yatsa tsakiya yana shafawa, ya juya bayan falankin, ya sake juyowa.

"Ina fuskar?"

Na jira ya tuna, na ba shi lokaci sosai. Bai tuna ba.

"Wa ya yi wannan aika-aika?" Muryarsa ta tashi, ta koma irin ta zaure. "Wane marar imani ne ya yi wa Yaya haka? Allah ya isa tsakanina da shi! Allah ya isa, duniya da lahira!"

Kunnensa ya yi nauyi, don haka na matsa kusa, na ɗaga murya yadda zai ji sarai, na ce, "Amin, Kawu."