Ranar da Na Je Kwasar Kuɗin Haihuwa

Ni ce na hana ƙanwata zuwa awon ciki. Gara in faɗa tun da fari, domin duk wanda ya ji labarin a bakin mutanen gidanmu zai ji an ce ƙaddara ce, wasu ma su ɗora wa uwar mijinta. Ba ruwan tsohuwar. Ni ce na hana ta da bakina, ina zaune a kan keken ɗinkina a Rikoto, tef ɗin awo rataye a wuyana, ina ji da kaina kamar duk ƙasar Zuru babu wanda ya kai ni sanin kan gwamnati.

Wata Lahadi ce abin ya faro. An tashi daga sujada a coci sai aka ce mata su dakata, akwai baƙi masu magana. Mutum biyu ne riƙe da takardu, suka yi mana bayanin inshorar lafiya ta gwamnati. Suka ce ma'aikata daga albashi ake cire musu, amma mu masu sana'ar hannu da manoma, duk wadda ta ga dama tana iya shiga da kanta, ta riƙa zubawa, a ba ta kati mai hotonta. Rana ta take, yara suna ta kuka, rabin matan hankalinsu yana kan girkin da ke jiransu a gida. Abu ɗaya na riƙe a cikin dogon bayanin nan: ki zuba, ranar haihuwa gwamnati ta tsaya miki.

Sauran ni na ƙarasa wa kaina. Mu 'ya'yan tsohon soja ne. Mun tashi muna jin Baba yana cewa abin da gwamnati ta cire maka ba ci ta yi ba, ajiya ce, ranar da ka ajiye kaki za ta dunƙule ta miƙo maka. Mun kuma ga lokacin da ya karɓo nasa, ya rufa wa ɗakuna biyu kwano, ya sayi shanun huɗa. Ga shi ni tun ina budurwa nake adashi, na san wadda ta ci nata tun da wuri ba ta da abin kwasa daga baya. Sai na haɗa biyun na yanke hukunci. Katin nan asusu ne. Duk ranar da kika kai shi asibiti an yanki wani abu. Wadda ta daure ba ta taɓa ba, ita za ta kwashi nata cif idan ta haihu. Ban tambayi kowa ba. Wa ma zan tambaya? Ni ce na yi aji uku a sakandare, ni ake kawo wa takarda a unguwa in karanta.

Ƙanwata ita ce autarmu, tana aure a Dabai. Mijinta manomi ne mai sanyin hali, wanda ya sha noman golmo, wato noman neman aure, a gonar Baba shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Da kuɗin ɗinkin Kirsimeti na shigar da mu biyu, ni da ita, na ja ta aka ɗauke mu hoto, na ci gaba da zuba mana. Allah da ikonsa muka sami ciki kusan tare, nawa na uku, nata na fari, na riga ta da abin da bai kai wata biyu ba. Ita kuwa tun tana ƙarama, in na ce mata ruwa wuta ne ba za ta sha ba.

Cikinta yana wata bakwai ta zo shagona ran kasuwa don in buɗe mata rigunanta. Na lura silifan mijinta ne a ƙafarta, nata sun daina shiga. Ta zauna a kan benci tana dafe goshi.

"Yaya, kaina ya dame ni, kwana huɗu ke nan. Ko in tahi asibiti da katin nan a duba ni?"

"Ki tahi ki yi mi?" na ce da ita. "Kina zuwa za su rubuta gwajin jini, su rubuta na fitsari, su yi ta yanka har ranar haihuwa ki tarar babu komi. Ni da na haihi biyu, wane kumburi ne ban gani ba? Ɗa namiji ne ke wahal da ke. Ki ɗora ƙafa bisa matashi, ki rage gishiri."

Na ɓallo mata farasitamol biyu daga jakata, ta haɗiye da ruwan leda. Har tsokanarta na yi, na ce raki ne irin na 'yan auta. Ta yi dariya, ta ɗauki rigunanta ta hau babur ta koma.

Ni kuwa da lokacina ya yi, a ɗakina na haihu da rana tsaka, ungozomar unguwarmu ta karɓa. Ko awa uku ban yi ina naƙuda ba, namiji, lafiyayye. Wannan sauƙin ya ƙara min taurin kai. Duk wadda ta zo barka sai na ɗago katin daga ƙarƙashin matashi na nuna mata, ina cewa ko ƙura bai taɓa gani a asibiti ba. Ƙanwata ba ta samu zuwa ba, ta aiko da sabulu da saƙon cewa jikin ya yi mata nauyi.

Da yaron ya yi sati uku na shirya zuwa karɓar haƙƙina. Na sa sabuwar atamfa, na goya shi, na ɗaura lalita a ƙarƙashin zane saboda ɓarayi. Na riga na yi cinikin wani keken surfani na hannu a kasuwa, na ce wa mai shi ya jira ni zuwa la'asar. Ofishin inshorar ɗan ƙaramin ɗaki ne a harabar asibiti, da benci a ƙofa. Da layi ya zo kaina na tarar da wata mata mai tabarau a bayan tebur, maganarta irin ta mutanen Birnin Kebbi.

"Sannu maman jariri. Mi ka tahe da ke?"

Na ajiye katin a gabanta. "Na zo kwasa."

"Kwasar mi?"

"Kuɗin haihuwa. Ki duba da kyau, ko sau ɗaya ban taɓa shi ba."

Ta duba na'urarta, ta dube ni, ta sake duba na'urar. "Ba ki yi awo ba? To ina kinka haihu?"

"A gida," na ce, har da ɗan murmushi, ina jiran ta yaba min.

Ta cire tabarau ta ajiye. A hankali ta yi maganar, yadda ake yi wa mara lafiya. "Baiwar Allah, babu kuɗɗin da aka ba mutum a hannu nan wurin. Abin da kinka zuba, shi na awo, da gwaji, da magani, da karɓar haihuwa, har da aiki in ta kama a yi. Kin zo sau goma, kin zo sau guda, dut ɗaya na. Ba a yanke ma kowa komi."

Na ji maganar sarai, amma ta ƙi zama a kaina. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ce to ina abin da na zuba ya tafi? Ta ce yana cikin tukunya ɗaya da na kowa, da shi ake duba wadda ta zo. Wato matan da nake gani a kan bencin awo ina yi musu kallon marasa wayo, su ne suka fahimci abin. Kunya ta kama ni, ni kuma in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na buga tebur, yaron ya farka ya tsala kuka, mutanen benci suka leƙo. Na ce an cuce mu, an yaudari talaka, me ya sa ba a faɗa mana da baki ba? Ta ce an faɗa. Na san an faɗa, shi ya sa na ƙara ɗaga murya.

"Har ƙanwata na hana zuwa!" na ce. "Tana can Dabai ƙafa kamar turmi, kai na sara mata, tana dauriya don kar a taɓa mata kati!"

Akwai wata dattijuwar nas da ta shigo a sa mata hannu a takarda, tana tsaye a gefe tana jiran in gama haukata. Jin wannan sai ta juyo.

"Wata nawa cikin?"

"Ya kusa tara."

"Na fari?"

Na ce e.

"Fuskarta ta kumbura? Tana ganin wani abu na gilmawa a idonta?"

A nan na tuna. Shekaranjiya da muka yi waya ta ce min tana ganin ƙyalli-ƙyalli a idonta ko da rana, ni kuma na ce yunwa ce, ta sha kunu.

Nas ɗin ta kama hannuna ta matse. "Ki bar zancen kuɗi. Ki je ki ɗauko ta yanzu, ban ce gobe ba. Hawan jini ne. In ta fara jijjiga ana iya rasa su duka biyu."

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na kira wayarta, a kashe. Na kira ta mijinta, ba ta shiga. Na tare mai babur ko ciniki ban yi ba. Dabai ba nisa gare ta ba, amma ranar na ga tsawon hanya. Ana ta yankan dawa a gonaki, mutane suna aikinsu kamar babu abin da ya faru, ni kuwa ina ta cewa Ya Ubangiji, Ya Ubangiji, na kasa ƙarasa addu'ar.

Tun daga ƙofar gida na ga takalman mata sun taru. Na kutsa ciki. Tana kwance a kan tabarma a tsakar ɗaki, fuskar ta cika har idanun sun kusa rufewa, jini a gefen bakinta inda ta tauni harshe. Ban gane ta ba da farko, ƙanwata da na goya a bayana. Uwar mijinta tana riƙe da kanta, wata tsohuwa tana turara ganye a kasko.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun da sahe, wannan jijjiga ta uku ke nan," in ji uwar mijin. Ba da faɗa ta yi maganar ba. "Tun shekaranjiya munka ce a kai ta asibiti, ta ce yayarta ta hana a taɓa kati. Mijin ya ɗauki buhun dawa ya tahi kasuwa, wai ya saida a biya da kuɗin hannu."

Duk matan ɗakin suka juyo suna kallona. Babu wadda ta zage ni, ni kuwa da zagin aka yi da ya fi min sauƙi. Na buɗe akwatin aurenta na yi ta watso da zannuwa, na sami katin a can ƙasa, naɗe cikin leda biyu, an ɗaure da zare. Wani maƙwabci mai a-kori-kura ya sauke dawar da ya fara lodi, aka shimfiɗa katifa a baya, muka ɗora ta. A hanya ta sake yin jijjigar a kan cinyata, ɗana yana kuka a bayana, ni ina danne hannuwanta.

A asibiti na miƙa katin, har lokacin wani ɓangare na zuciyata yana jiran a ce in je in biya wani abu tukuna. Babu wanda ya tambaye ni ko sisi. Suka duba hoton, suka tura ta ciki a kan gado mai taya, aka sa mata ruwa, aka yi mata allura, likita ya ce aiki za a yi yanzu. Abin da na hana ta wata da watanni, cikin ɗan lokaci aka yi mata shi duka, ina tsaye ina kallo.

Na zauna a kan dakali a bakin ɗakin tiyata. Mijinta ya iso a guje da kuɗin dawarsa a dunƙule a hannu, babu mai karɓa. Can dattijuwar nas ɗin nan ta fito ta ce uwar tana da rai, amma jaririn bai zo da rai ba. Na tambaye ta, da a ce tun ranar da ta fara ciwon kai aka kawo ta fa? Cewa ta yi in kwance yaron in ba shi nono, ya daɗe yana kuka. Kafin rana ta faɗi Baba da mijin suka tafi da ɗan ƙunshin a cikin farin ƙyalle, ni ban iya ko kallonsa ba.

Sai washegari da hantsi ta farfaɗo sosai. An ce kar a gaya mata komai tukuna, sai jininta ya sauka. Ta buɗe ido ta dubi robar ruwan da ke rataye, ta dubi gadajen da ke jere, sannan ta gan ni. Sai hawaye. Harshenta ya kumbura, da ƙyar maganar ke fita, na sunkuya na kai kunnena.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba ni na ce a kawo ni ba. Sun taɓa katin, ko?"

Na girgiza kai.

"Na daure, wallahi na daure," ta ce. "Ki tambaye su ko akwai saura, ko na kayan jariri ne."

Ta riƙe hannuna tana ta ba ni haƙuri. Ni kuwa ina tsaye a kanta da ɗana a baya yana barci, abu biyu ne a bakina da ya kamata ta sani, na jaririn da na katin, na rasa wanda zan fara da shi.