Minti Goma Sha Biyu Ba Yankewa

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi bayan la'asar, a filin wata makarantar firamare a Wurno, lokacin cirar albasa. Akwai ni, da injiniyanmu na gidan rediyo, da masu busa algaita biyu, wa da ƙane, sai jama'a da suka zauna a kan benci da tabarmi. Kai tsaye za mu watsa shirin, Rabah da Goronyo duk suna saurare.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Makonni kafin nan na ji wani kiɗa na Turawa da aka busa da irin algaitar nan tasu mai salka a hammata. Muryoyi huɗu ne kacal ake ta maimaitawa, mai busa ɗaya yana riƙe da su daidai, ɗayan yana ja baya kaɗan-kaɗan har su rabu, can kuma su sake haɗuwa. Na ɗauki wayata na tafi wurin babban masu algaitar don su busa irinsa, dattijo ne da ya haura saba'in, wanda aka sani tun daga Maikujera har Giyawa da abu ɗaya: bai taɓa yanke busa a gaban jama'a don gajiya ba. Yana jan iska ta hanci, kumatu na ci gaba da aiki.

Ya saurara har minti uku, sannan ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, abin naka ya maƙale."

Na ce, "Baba, haka kiɗan yake."

"To, taken wa na?"

"Ba taken kowa ba ne."

Sai ya ce, "Minti nawa?"

"Sha biyu, ba yankewa. Amma su iskarsu a salka take. Idan ya yi yawa sai mu rage."

Nan na yi kuskuren farko. Ya buga kumatunsa da yatsa ya ce, "Ga salkata nan tun ba a haihe ka ba. Mi za a rage?"

Gwajin ya ci mana mako biyu, kuma ƙanen ne matsalar. Shi ma ya kusa sittin da biyar, yana noma a Taloka. Duk lokacin da ya fara ja baya yadda na roƙa, sai kunya ta kama shi, ya yi sauri ya kamo wansa.

"Shekara arba'in yaya na ranƙwashina kan abin ga," in ji shi. "Yau kuma an ce shi a gwaninta."

A gwaji ba mu taɓa kai minti sha biyun ba. Kullum sai an kawo fura, ko an yi sallama, ko lokacin salla ya yi. Ban lura ba.

Kuskure na biyu a filin na yi shi. Na ɗauki makirufo na roƙi jama'a cikin Hausar labarai cewa kada kowa ya taso yin kyauta sai an gama, domin sauti ya fita tsaf. Na ga dattijon ya ɗago ya kalle ni. Sai daga baya na fahimci abin da na taɓa. A wurin biki, duk bayan 'yan mintuna wani zai taso da kyauta, mai busa ya sauke algaita ya yi godiya. Ladabi ne, kuma a nan yake hutawa. Ni kuwa na hana shi, a gaban garuruwa uku.

Suka fara. Minti huɗu na farko mutane suna jiran kiɗan ya soma. Wajen na shida ƙanen ya ja baya da kyau, sai muryoyin suka shiga tsakanin juna kamar mata biyu a turmi ɗaya, har masu hira suka yi shiru. Ni allurar na'urar auna ƙarfin sauti nake kallo. A minti na takwas allurar babban ta fara sauka. Na ɗaga kai: jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya jiƙe bakin hularsa. Na san ba zai sauke ba, ko da zai faɗi. Ni kuma da bakina na ce sha biyu.

A benci na gaba akwai wani falken albasa daga Goronyo, taubashin dattijon, wanda ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba. Ya tashi a hankali, ya wuce ta gabana kamar ban taɓa yin magana ba, ɗauke da albasa manya guda biyar da aka ɗaure da ganyensu. Ya tsaya daidai makirufo.

"Sauke, tsoho, amshi kyauta. Busa ɗaya tun la'asar, ko ka mance sauran na?"

Dattijon ya sauke algaita, domin ba a barin mai kyauta tsaye. Ya karɓi albasar da hannu biyu, ya juya ta, ya duba kowace ɗaya, ba ya sauri.

"Wagga ita a kyautar? Ɓatattar kasuwa ka kwaso."

"Daidai da busarka."

Jama'a suka yi dariya. Duk wannan lokaci ƙanen bai tsaya ba, shi kaɗai ya riƙe muryoyin huɗu, idonsa a ƙasa. Daƙiƙa arba'in na ƙirga a agogon na'ura. Babban ya mayar da algaita baki, ya shiga a bayan ƙanensa, karo na farko a rayuwarsu, suka kai sha biyu tare.

Da muna naɗe wayoyi ya kira ni. "Ɗana, ka dai gani. Katse ni anka yi."

Na ce, "Na gani, Baba."

Injiniya ya tambaye ni ko a cire muryar falken kafin a maimaita shirin. Na ce a bar ta. Ranar Laraba aka sake sa shi yadda yake, kuma ban ƙara hana kowa tasowa da kyauta a wurin ɗaukar sauti ba.